Karan da Aka Auna Sa'ade da Shi

Ku yaran da ake turo mana daga makarantar koyon aikin lafiya, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, don kunnena ya fi na zomo tsawo. Wai aikin Baba Lawwali ko akuya aka sa wa farar riga za ta yi shi: ka maƙala wa yaro 'yar na'ura a yatsa, ka karanta lamba, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka koma gindin dalbejiya ka ci gaba da ɓarar gyaɗa. Maganar gyaɗa gaskiya ce, tumbina ma shaida ne. Sauran kuwa, ku gyara zama.

Ni ba likita ba ne, ko da yake duk Kusada Dakta ake kirana, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Ma'aikacin lafiya ne na ƙaramin asibiti. Kayan aikina uku ne: abin sauraren ƙirji, da na'urar yatsa mai jar wuta wadda ke faɗin yawan iskar da ke cikin jini, sai bayan hannuna. Abin sauraren nan gadonsa na yi daga maigidana, Baba Ɗanjuma, tsohon nas da na yi wa yaranta a Kankia. Shekara guda cur bai bar ni na riƙe allura ba. Saurare kawai. Na saurari ƙirjin mutum ya fi dubu goma, da na jaki biyu, da tulu ɗaya da ya rufe da zane don ya gwada ni. Na ce masa wannan tsohuwa tana da ruwa a ƙirji. Ya ce na yi gaskiya, sannan ya ƙwale ni a ka har na ga taurari da rana tsaka.

Ranar da aka fara kawo mini Sa'ade, ranar kasuwa ce. Kakarta, Iya Dije, ta goyo ta daga Bauranya, tana 'yar shekara uku. Da ta sauke ta, yarinyar ta yi taku huɗu, sai ta tsuguna kamar tsohuwa a bakin murhu, tana haki. Leɓenta da harshenta baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, kamar ta wuni tana cin ɗinya. Kan yatsunta ya kumbura kamar kan taɓarya. Na maƙala mata na'ura. Mai lafiya lambarsa casa'in da biyar ce zuwa sama. Tata ta nuna saba'in da 'yan kai. Na cire, na sa a yatsana, na ga lafiya lau. Na bubbuga ta a tafin hannu, na sake sa mata. Saba'in da 'yan kai. Lambar wanda ake karanta wa kalmar shahada ke nan, ga mai lambar kuwa tana kallona tana gurgurar ƙuli-ƙuli.

Na ɗora abin saurare a hagun ƙirjinta. Sai na ji bugun can nesa, kamar ana daka a ƙauyen da ke bayan tudu. Na matsar da shi dama. Nan ne fa ake dakan. Zuciyar yarinyar nan a dama take.

"Dakta, mi ka ji?" in ji Iya Dije. "Ka faɗa mani gaskiya. Mutanen gari sun ce ba mutum ba ce, wai iska suka musanya mana ita a bakin rafi. Ko ɗiyan maƙwabta ba a bari su ci tuwo da ita."

Na dubi tsohuwar nan, na ce a raina, in na ƙara musu da cewa zuciyarta ma a juye take, ai shi ke nan, na ba su hujja. Sai na ce, "Iya, mutum ce sak. Ciwon zuciya ne aka haife ta da shi." Maganar dama kuwa na haɗiye ta. Ku riƙe wannan, don shi ne aikin banza mafi girma da na yi a rayuwata, kuma da kyakkyawar niyya na yi shi.

Bari in yi muku bayanin ciwon yadda na yi wa babanta, Malam Sallau, wanda ke koyarwa a Islamiyya yana kuma noman gero. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Biyu na sama suna karɓar jini, biyu na ƙasa su ne injin turawa: ɗaya ya tura zuwa huhu jini ya ɗebo iska, ɗaya ya tura zuwa jiki. Sa'ade injinta ɗaya ne. Ɗayan bai ginu ba. Jini mai iska da marar iska duk a wuri guda suke cakuɗewa, shi ya sa take shuɗi. Ba a iya dasa mata inji na biyu. Dabarar likitocin tiyata ita ce su bar injin nan guda ya yi wa jiki aiki kaɗai, su ɗauke manyan jijiyoyin da ke dawo da jini su haɗa su kai tsaye da hanyar huhu. Sai jinin ya riƙa gangarawa huhu da kansa, ba mai tura shi, kamar ruwan da ke bin lambatu zuwa fangali a lambu. Ba a yin aikin lokaci guda. Wasu yaran tun suna jarirai ake fara musu, a yi sau uku. Ita ta tsallake na farko da ikon Allah, saura biyu: a haɗa jijiyar sama, bayan 'yan shekaru a haɗa ta ƙasa.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauki nauyin kai ta ƙasar waje, sau biyun duka, ita da babanta, ni kuma aka haɗa ni da su a matsayin tafinta. Jirgin da muka shiga ya fi kasuwar Kankia tsawo, da rumfunan 'yan tumatir duka. A tiyata ta biyu, tana shekara bakwai, babban likitan ya ce tunda ni ma'aikacin lafiya ne in shigo in gani. Da na san abin da zan gani, da na ce ina da gudawa.

Ɗakin sanyi ƙarara. Yarinyar tana kwance an lulluɓe ta, ƙirji a buɗe. Aka sa mata robobi masu kaurin babban yatsa, jininta ya bi su ya fita daga jikinta zuwa wani inji da ke gefe, ya zaga ya dawo. Wani mutum na zaune gaban injin yana murɗa maɓalli kamar mai neman tashar rediyo. Sai likitan ya yi magana a hankali, aka zuba wani ruwa mai sanyi a zuciyar. Da idona na gan ta, 'yar abu kamar ɗan tsako, ta yi motsi, ta yi motsi, ta ƙara ɗaya, ta tsaya. Zanen da ke tsalle a allo ya miƙe sumul. Ba wanda ya yi salati sai ni. Su kuwa suna ɗinki suna hirar abin da za su ci da rana. Na daɗe a tsaye ina kallon yarinyar da zuciyarta ba ta bugawa, huhunta ba ya numfashi, amma an ce mini tana nan. Da suka gama aka sake mata jini mai ɗumi, zuciyar ta yi wani ɗan zillo kamar mai barcin da aka taɓa, ta kama aiki.

Da na ba Malam Sallau labari, sai ya ce, "Tambayar mani shi, lokacin da ta tsaya, ran yarinyar ina ya tafi?" Na tambaya. Likitan ya ce shi mai gyaran famfo ne, wannan tambaya ta malamai ce. Malam ya ce, "To ya san iyakarshi, Allah ya yi mashi albarka."

Ranar sallama likitan ya lissafo mana dokoki. Maganin tsinka jini kullum. Maganin da ke sa fitsari. Sai babbar doka: kada jikinta ya rasa ruwa, don lambatun da ba inji, in ruwa ya yi kaɗan, tsayawa yake. Ya ƙara da cewa in tabbatar iyayen sun san zuciyarta a dama take, saboda wata rana. Na juya wa Malam duk sauran da Hausa tsaf. Na ƙarshen kuma na ce, "Ya ce a gaida mutanen gida."

Ta dawo leɓe ya yi ja, lamba ta hau casa'in. Tana gudu, tana tallar awara, ta shiga Islamiyya. Da labari ya bazu, sai aka yi ta kawo mini duk yaron da leɓensa ya yi duhu, daga Fakuwa, daga Kankia, daga ƙauyukan da ko babur sai ya yi istigfari kafin ya shiga. Rabinsu ɗinyar gaske suka ci. Amma akwai na gaskiya, kuma ba kowa ke samun jirgi ba.

Sai muguwar shekarar ta zo, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, zafin da kaza ke yin ƙwai dafaffe. Kafin azumin ma amai da gudawa sun ratsa ƙauyuka. Wani yaro na Fakuwa da nake dubawa, yana jiran tiyatarsa ta biyu, ya rasu kwana uku bayan na auna shi. Wata jaririya a Kankia, kwana biyu. Sai magana ta tashi: duk yatsan da jar wutar Lawwali ta haska, mai shi ba ya kai sati. Wai wutar nan idon wani abu ne da nake ciyarwa. In na shiga ƙauye sai in ji ana jan yara cikin ɗaki, ana sakin asabari. Gari ya yi tsit, sai awaki. Ni da ko jana'iza na je sai an roƙe ni in daina ba mutane dariya, na koma wanda ake tofa addu'a in ya wuce. Har gidan Malam Sallau aka daina kawo mini Sa'ade. Shi bai yarda da zancen ba, amma Iya Dije ta yarda, kuma a ɗakinta yarinyar take.

Ranar goma ga azumi, bayan azahar, ina kwance a benci ina ƙirga awannin da suka rage, waya ta yi ƙara. Muryar mace ce da ban sani ba.

"Dakta? Maƙwabciyar Malam Sallau ce, ta Bauranya. Matarshi Indo ta ce in gaya maka, wai an duba ɗiyar nan inda ba nan take ba. Ta ce kai ka sani."

"Wace ɗiya? Me ya same ta?"

"Sa'ade mana. Ai ta rasu ɗazu. Ana idar da la'asar za a kai ta."

Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Yarinyar ta kai shekara goma sha huɗu, duk sa'o'inta suna azumi, ita kaɗai ake miƙa wa kofi da rana kamar jaririya. Sai ta riƙa karɓa tana zagawa bayan ɗaki tana zuba wa kaji. Kwana tara tana azumi a ɓoye, ga maganin fitsari tana sha da asuba. A na goma ta faɗi a bakin rijiya. Aka kira mai kemis na ƙauyen, ya taɓa hannu bai ji komai ba, ya kara kunne a hagun ƙirji bai ji komai ba, ya yi salati. Indo, uwar, tana tsaye tana gani. Ita ta shayar da ita, ta san inda zuciyar 'yarta take tun kafin ni. Amma Sa'ade 'yar fari ce. Kun san alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukarta da maza cike da tsakar gida ta buɗe baki ta ce a sake duba mini 'yata. Sai ta zaga ta katanga ta raɗa wa maƙwabciya.

Na zuba ledar ƙarin ruwa biyu da allurai a jaka, na hau babur. Ban san na bi hanya ba ko ta sama na bi. A bakin maƙabarta na ga maza huɗu suna haƙa, jar ƙasa ta taru, ga karan dawa da aka auna tsawonta da shi an kwantar a gefen ramin. Ban tsaya ba.

Zaure cike. Ina sauka na ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga mai jar wuta nan, halan ya zo ganin aikinshi."

Malam Sallau na zaune kan buzu. Ya ce, "Lawwali, ka zo gaisuwa da wuri. Allah ya ba da lada."

Na durƙusa. "Malam, ba gaisuwa na zo ba. Wane gefe aka saurara?"

"Gefen zuciya mana."

"Malam, ka gafarce ni. Tata a dama take. Tun tana shekara uku na sani. Likitan ma ya ce in gaya maka, na ce maka gaisuwa ya aiko."

Malam ya kalle ni. Ya miƙe, ya kama hannuna, ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ya ce matan gida su kimtsa.

Iya Dije ta tare ƙofar ɗakin. "Sallau, kanka ɗaya? An yi mata wanka. Namiji ba ya shiga nan, balle wanga."

"Iya, ki yi haƙuri. In ta tafi, ba abin da zai ƙara mata. Matsa."

Ɗakin yana ƙamshin sabulu da turare. Tana kwance kan tabarma, an naɗe ta da fari har wuya, fuska kawai ta rage. Ga auduga a faranti, wadda za a toshe mata hanci da ita. Na ciro hannunta, sanyi kamar randa. Na maƙala na'ura. Jar wutar ta ratsa yatsan, allo bai nuna komai ba. Na sa abin saurare a hagu, shiru irin na tulun Baba Ɗanjuma. Na mayar dama, na riƙe numfashi. Da farko jinina kawai nake ji yana ƙugi a kunne. Sai can ƙasa, can ƙasa, wani abu da sauri-sauri, kamar ɗan tsako yana tsattsagar ƙwai ta ciki.

Na ce, "Malam, ɗaga ƙafafunta sama, kada ka sauke."

Jijiyar hannu duk ta shafe. Na soka sau uku ban samu ba. Sai na juya kanta na samu ta wuya. Na rataya ledar ruwa a ƙusar da ake rataye fitila, na riƙa matse ta da hannu biyu. Matan sun cika ƙofa suna leƙe, Iya Dije na jan carbi tana kallon jar wutar nan da ke haske a yatsan gawa. Leda ta farko ta ƙare. Ana tsakiyar ta biyu aka kira la'asar, ba wanda ya motsa. Sai na'urar ta yi ƙyaf, lamba ta fito, ta ɓace, ta dawo ta zauna.

Likkafanin ya ɗaga a daidai ƙirji. Ta buɗe ido, ta dubi rufin ɗaki, ta ce da wata 'yar siririyar murya, "Iya, magariba ce aka kira?"

Iya Dije, mai shekara tamanin da ciwon gwiwa, ta tsallake turmi biyu da akuya ɗaya, sai a gidan maƙwabta aka kamo ta. Indo kuwa tana bakin madafa. Ta dubi ɗakin sau ɗaya, ta juya ta ci gaba da dama kunun buɗa-baki, ludayin yana ta bugun bakin ƙwarya.

Muka sa ta a mota zuwa babban asibiti a Kankia, ta yi sati guda. A cikin ruɗanin an manta da masu haƙa. Suna zaune bakin ramin da azumi a bakinsu har rana ta yi ja, suna jiran gawa, sai wani ya tuna ya je ya ce su mayar da ƙasa.

Da ta warke Malam Sallau ya aiko kirana. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce, "Ka ji tsoron bakin mutane, ka kusa sa na binne ɗiyata da hannuna." Ya sa na tsaya a ƙofar gidansa, gaban duk wanda ya zo jana'izar ran nan, na faɗa da ƙarfi cewa zuciyar Sa'ade a dama take, halitta ce ta Allah, kuma ni na ɓoye. Shi kuma ya yanke mata hukunci a gaban kowa: azumi ba nata ba ne, ciyarwa za a riƙa yi mata, wanda ya ƙara yi mata gori ya zo ya same shi.

Na tambayi Sa'ade ko ta san abin da aka yi mata ran nan. Ta ce ta ji komai, motsi ne ya gagara. Ta ji ruwan wanka. Ta ji ƙarar yaga farin yadi. Ta ji lokacin da aka kwantar da kara a gefenta, daga kai zuwa ƙafa, aka karya abin da ya yi saura.

Karan nan ta sa aka ɗauko mata shi daga maƙabarta. Yanzu tana ɗinki a Kusada, yana jingine bayan ƙofar shagonta. Ba a san gaba ba, zuciya mai inji ɗaya gajiya take da wuri, ita ma ta sani, kuma duk wata tana zuwa in auna ta. Kwanan baya na je karɓar rigata, ta ajiye almakashi, ta tsaya kusa da karan, ta miƙe ƙyam.

"Baba Dakta, duba mani. Nawa na fi shi?"

Na auna. Taƙi ɗaya da yatsa biyu.

Ta ce, "To ka gaya masu, wancan ramin ya yi mani kaɗan."